Kunyar 'Yar Fari a Filin Tanis

Wata huɗu Bajamushiyar nan tana koya wa 'yata tanis kafin ta san ni na haife ta. Ta ɗauka ƙanwar ubanta ce ni, ko wata mai aiki da aka ɗora wa kai yara da ɗauko su. Ban ga laifinta a nan ba, don yarinyar Anti take ce mini, ni kuwa ban taɓa kiran sunanta ba tun ranar da aka raɗa mata shi. 'Yar fari ce, kuma sunan surukata aka sa mata, kunya biyu ke nan a kan mutum ɗaya. In zan kira ta sai in ce "ke", in ina zancenta da wani in ce "yarinyar nan". Ubanta Mamana yake ce mata. Haka na tashi na ga ana yi a gidanmu a Kano. Babbar yayarmu har ta yi aure ban ji mahaifiyarmu ta ambaci sunanta ba, kuma ba wanda ya taɓa cewa ba ta sonta.

A nan ƙasar Larabawa, a unguwar International City muke zaune, hawa na uku, ɗaki biyu da falo. Maigidan yana aiki a tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali, wajen kwantenoni, ya fita bayan asuba sai magariba. Ni ina sayar da magani a wani kanti a Deira. Yaranmu biyu, ita mai shekara goma sha uku a lokacin, da ƙanwarta 'yar shekara shida. A makaranta ta tsinci tanis. Malamin wasanni ya ce tana da hannu, ubanta ya ji daɗi, ya sa ta a wani kulob, sannan ya koma wajen kwantenoninsa ya bar ni da jigila. Talata da Alhamis da yamma, Asabar da safe, ni ce a titi.

Iyayen sauran yara a jikin wayar filin suke yini, Rashawa, Indiyawa, 'yan Labanan, kowace ta maƙale tana "yalla habibti, yalla!" Yarinya ta buga ƙwallo ɗaya ta shiga, uwa ta yi tsalle kamar an ce ta ci kujerar Makka. Ni abin kunya yake ba ni. A mota nake zama, in kunna sanyi, in kama kan ƙaramar ina tsefewa ko ina kitsawa. Sai dai akwai abin da ban gaya wa kowa ba. Kullum a wuri ɗaya nake ajiye motar, gefen wata bishiyar dabino, na kuma karkata madubin gefe yadda zai ɗauko mini fili na uku gaba ɗayansa. Ta madubin nan na kalli kowane horo da ta yi. Na san in ta gaji kafaɗarta ta hagu tana sauka, na san in ta ji haushi sai ta gyara igiyoyin raket da yatsa. Ban san ƙa'idar wasan ba, ban san yadda suke lissafinsu ba, amma na san 'yata.

Kociyar doguwa ce, rana ta gasa mata fata, hannunta na dama ya fi na hagu kauri. Yara sun ce a da ƙwararriya ce, da wasan take ci take sha, ta zaga duniya kafin ta ajiye. Ni abin da na fara lura da shi a wajenta shi ne ba ta san gaisuwa ba. Ranar da ta ƙwanƙwasa mini gilashin mota, ko ya yara ba ta ce ba, ta miƙo takardar shiga gasa.

Da Turanci ta ce, "Wannan uwarta ko ubanta ne za su sa hannu. Ki kai musu."

Na karɓi biro na sa hannu.

Ta ce, "Na ce uwarta."

Na ce, "Ai ita ce ta sa."

Ta dube ni, ta dubi ƙaramar da ke kwance a cinyata, ta waiwaya ta dubi yarinyar nan da ke tsaye nesa tana zuge jaka. Ta ce, "Ke ce uwarta? Wata huɗu ban ga kin fito daga motar nan ba." Ta karɓi takardarta ta juya. Raina ya ɓaci ƙwarai. Har muka isa gida ina ƙunƙuni, wai matar da ko 'ya'ya ban ji an ce tana da su ba ita za ta koya mini uwa.

Bayan sati ɗaya sai ga ta a kantinmu, da rana tsaka, lokacin da babu mutane. Ta ce man shafawa take so na ciwon kafaɗa. Tsakanin kulob ɗinsu da Deira akwai kantin magani ya fi a ƙirga, don haka na san ba man ne ya kawo ta ba. Na ɗauko mata, ta riƙe shi a hannu ba ta ko duba ba.

Ta ce, "'Yarki ta ce daga wannan gasar ta daina. Na tambaye ta dalili, ta ce wa take yi wa."

Na ce, "Yara ai haka suke, yau su so gobe su ƙi."

Ta ja wuyan rigarta gefe ta nuna mini tabon ɗinki biyu a kafaɗa, ta jingina da kanta, ta fara ba ni labarin da ban tambaye ta ba. A wani ƙaramin gari ta tashi, inda filin tanis ɗinsu jar ƙasa ce. Tana shekara biyar ubanta ya damƙa mata raket, da ta fara cin yaran garin ya bar aikinsa ya zama kocinta. Ba ta gama sakandare ba. Suka shiga mota su biyu, daga wannan ƙasa zuwa waccan, ƙananan gasanni a garuruwan da ko sunansu ba ta iya tunawa, wani lokaci 'yan kallo ba su wuce mai sharar fili da karensa ba. Ta ce ta yi sama kaɗan, har ta taɓa shiga babban fili a nan garin, aka yi mata kaca-kaca cikin ƙasa da awa ɗaya a gaban kujeru rabi babu kowa. Aka yanka kafaɗar, ta dawo, aka sake yankawa, ta sake dawowa. Kafin ta cika talatin ta ajiye raket, kuma ba wanda ya lura sai ubanta, wanda ya fi shekara bai yi mata magana ba.

Ta ce, "Bai taɓa rasa wasana ko ɗaya ba. Yana zama daidai bayana da ɗan littafi, yana rubuta duk kuskuren da na yi. In na buga ƙwallo ina jin numfashinsa. Shekara da shekaru ina roƙon Allah ya sa ya kau da kai sau ɗaya, in buga ƙwallo ɗaya tawa ta kaina."

Na ce, "To kin gani. Ni ai na bar ta ta sha iska. Kamata ya yi ki gode mini."

Ta ce, "Ban zo yabonki ba. Ni an cika mini, ita ba a ba ta ko kaɗan ba. Duk ƙwallon da ta ci sai ta kalli motarki, kuma abin da take gani bayan kanki ne."

Na so in gaya mata zancen madubin motar. Bakina ya ƙi, don in na faɗa na tona kaina a gaban baƙuwa. Maimakon haka na shiga yi mata bayanin kunya, da Turancina na sayar da magani wanda bai da kalmomin wannan zance. Na ce a wajenmu uwa ba ta nuna son ɗan fari a gaban mutane, ba ta yabonsa, ba ta kiran sunansa. Na ce ba ƙi ba ne, ladabi ne ga manya, kuma yaron ba ya rasa komai, don shi ne ɗan lelen gida. Kakarsa ta goya shi, gwaggonninsa su yi masa kirari, kawunnai su cika masa aljihu da alewa, har sai ya sangarce.

Ta saurara sosai, ban zata ba. Sannan ta ce, "Wannan yana da kyau. Kakar tata da gwaggonnin suna ina?"

Na ce, "Suna Kano."

Ta biya kuɗin man, ta fita, ta bar ni tsaye a bayan kanta ina ji kamar in jefe ta da kwalbar maganin tari. Haushina duka saboda ta yi gaskiya ne, kuma ta yi ta ba tare da sallama ba. Shekara tara muna garin nan. Na kwaso kunyata daga gida cif, ban bar ko ƙyalle ba, amma mutanen da suke cike gurbin da kunyar take bari duk na baro su can. A falon nan namu ba kaka, ba gwaggo, daga ni sai uban da yake dawowa a gajiye. Ƙaramar nakan rungume in sumbata, in kira ta da suna iri biyar, yarinyar nan tana zaune a kan kujera tana aikin makaranta tana gani.

Da magariba na gaya wa maigidan, muna kicin, na rage murya. Ya ce, "Ke ma dai. Nan fa ba Kano ba ce, wa zai gan ki? Ki fita ki tafa mata, khalas." Shi komai khalas ne a wajensa, wato shi ke nan. Na ce ai sai ya zo ranar wasan ya tafa da kansa, tunda shi ya jawo mana tanis. Ya ce jirgi zai shigo ranar Asabar, ba zai samu fita ba. Na yi tsaki na ci gaba da yanka albasa. Shi yana ganin kunyar nan mayafi ce da zan cire in rataye, bai san ba don idon mutane nake yi ba, a jikina take. Ko ni kaɗai ce a ɗaki na gwada faɗin sunan, harshena nauyi yake yi.

Ta ci wasanta na farko da na biyu ina mota. Na uku ya faɗo ranar Asabar ɗin da hantsi, cikin watannin sanyi, kuma duk wadda ta ci za ta shiga wasan ƙarshe. Na kai ƙaramar gidan wata maƙwabciyarmu 'yar Zariya. Da muka isa na ajiye mota a gindin dabinon, yarinyar nan ta ɗauki jakarta ta fita. Na fi minti goma ina zaune hannuna a kan sitiyari. Sannan na gyara mayafi na fito.

Akwai 'yan kujeru hawa uku a gefen filin. Na zauna a can ƙarshe, a bayan wani Ba'indiye mai ɗaukar wasan da waya. Kociyar ta hango ni, ta ɗaga gira, ba ta yi murmushi ba. Yarinyar nan ba ta gan ni ba. In ta ci ƙwallo sai ta juya wajen dabinon, daidai yadda matar nan ta faɗa, ta kalli motar da babu kowa a ciki. Sau uku na ga ta yi haka. Na so in ɗaga hannu, hannun ya ƙi tashi daga cinyata.

Abokiyar karawarta wata Barashiya ce mai dogayen ƙafafu. Sun fi awa ɗaya da rabi suna abu ɗaya, wannan ta ci, waccan ta rama. Ban fahimci lissafin da suke kira ba, sai da Ba'indiyen ya juyo ya ce wa na kusa da shi, "Saura mata ƙwallo ɗaya." Ya nuna 'yata da haɓa. Wurin ya yi tsit. Ni ban san shirun nan doka ba ne. A mota gilashi a rufe nake kallo, ban taɓa jin sautin wasan ba, balle in san cewa iyayen nan masu ihu sai ƙwallo ta mutu suke buɗe baki.

Suka yi ta mayar wa juna, sau shida ko bakwai. Sai yarinyar nan ta matso gaba ta narka wata ƙwallo can lungu, nesa da Barashiyar, irin bugun da na sha gani a madubi ba a taɓa dawo da shi ba. A raina an gama. Ban shirya ba, ban yanke shawara ba. Sunan dai bai fito ba, abin da ya fito guɗa ce. Na miƙe tsaye na kama hanci na rangaɗa ta, irin wadda gwaggona take yi in an kawo lefe, doguwa, har tsuntsayen da ke kan waya suka tashi.

Yarinyar nan ta juyo. Ta saki hannu, raket ya sauka, ta tsaya tana kallona baki buɗe. Ita kuwa Barashiyar ashe ba ta haƙura ba, ta bi ƙwallon da dogayen ƙafafun nan, ta tsinto ta da bakin raket, ta ɗago ta sama a hankali. Ina gani, kowa yana gani, ƙwallon ta sauko ta faɗi a bayan 'yata, cikin fili, ta yi tsalle biyu.

Alƙalin wasan, wani Bafilipine mai hular rana, ya ce ƙwallon ta Barashiyar ce, ihun ɗan kallo ba ya sa a sake. Sannan ya tako har inda nake, da ladabinsa, ya ce madam don Allah in koma waje. Na bi ta gaban iyayen nan da nake wa kallon marasa kunya, kowa ya kau da kai, ni kuwa da ƙasa za ta tsage da na shige. Na koma motata. Sauran wasan a madubi na gan shi. Kafaɗarta ta hagu ta sauka, ta yi ta gyara igiyoyin raket, ba ta ƙara cin komai ba. Cikin minti goma sha biyar aka gama da ita.

Kociyar ce ta riga ta isowa motar. Na sauke gilashi na shirya, don na san za ta wanke ni tas, kuma na ƙudura in ta fara zan rama. Ta dafa ƙofar ta ce, "Wannan wane irin sauti ne?"

Na ce, "Na murna ne. A biki ake yi."

Ta ce, "Kin kashe mata wasa, kin sani." Na ce na sani. Ta murza kafaɗarta, sannan ta ce, "Ubana ya yi mini ihu a fili ya fi sau dubu. Ban taɓa juyowa ba ko sau ɗaya, na koyi toshe kunne tun ina ƙarama. Ita ta juyo." Ban gane ko zagi ne ko ta'aziyya ba, kuma ba ta tsaya ta bayyana ba.

A hanya yarinyar nan ta zauna a baya, fuskarta a jikin gilashi. Na ce, "Ke, yi haƙuri." Ta ci gaba da kallon titi. Da muka shiga gida ta ja kujera ta hau, ta ɗora jakar raket a kan wadrob, ta tura ta can ciki. Ranar Talata na ɗauki makulli na tsaya a bakin ƙofa, ta ce, "Anti, ai na faɗa na daina." Ubanta ya lallashe ta, kociyar ta kira sau biyu, ta ce a'a. Ni na rasa wanda zan ji haushi. Na ji haushin Bajamushiyar da ta fito da ni daga mota, na ji na maigidan da jirginsa, na ji na wasan da aka hana uwa murna sai an ba ta izini. Wanda ya fi duka nawa ne. Shekara goma sha uku na riƙe bakina, ranar da na buɗe shi na buɗe a daƙiƙar da bai kamata ba.

Bayan kamar sati uku, wata Juma'a da la'asar, ina ninke kaya a falo sai na ji guɗa daga ɗakin yara. Na ɗauka wani biki take kallo a waya. Guɗar ta tsaya, ta sake farawa daga farko. Sai na gane muryata ce. Ashe 'yar Ba'indiyen nan ajinsu ɗaya, ta tura mata abin da ubanta ya ɗauka. Na tako a hankali na tsaya a bakin ƙofar, zanin gado a hannuna. Ba wasan take kallo ba, don ban ji ƙarar ƙwallo ba ko sau ɗaya. Wurin guɗar kawai take mayarwa. Na ƙirga sau bakwai.

Na ɗaga hannu zan ƙwanƙwasa. Sunan yana bakina, na ji harafinsa na farko a kan harshena, ba kowa a gidan sai mu biyu, ba surukata, ba mahaifiyata, ba wanda zai ji. Na tsaya har guɗar ta sake zagayowa.

Na ce, "Ke, fito ki ci abinci."

Wayar ta yi shiru. Ta ce, "To, Anti."